Ma'aunin maki ba sirrin malami ba ne

Malamai da dama suna ɓoye ma'aunin da suke duba insha'i da shi, wai kada ɗalibai su gano lagon jarrabawa. Kuskure ne. Ɗalibi ya kamata ya san shi tun kafin ya ɗauki biro.

Dubi insha'in Turanci na WAEC: maki 50 ne, 10 na ƙumshiya, 10 na tsari, 20 na sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu, inda kowane kuskure ke cin rabin maki. Yaron da bai san haka ba sai ya cika shafi uku, kurakurai 20 su lashe masa goman nan kaf. Rubuta masa "24/50" kawai ba ya gyara komai. A ja layi a ƙarƙashin jimlar da ya yi kuskure a ciki, a faɗa masa sashen da makin ya zube.