12345 ba kalmar sirri ba ce, jama'a

Wallahi a maganar bidiyon nan da ya fita daga kyamarorin tsaron wani shago a Gombe, ba yaron da ya watsa shi a WhatsApp ne ya fi ba ni haushi ba. Shi kam a bar shi da hukuma. Haushina yana kan wanda ya haɗa kyamarorin: ya karɓi kuɗin aikinsa cif, ya hau tsani ya ɗaura, ya jona su da intanet don Alhaji mai shagon ya riƙa kallon shagonsa daga gida, sannan ya sauko ya kakkaɓe hannu ya bar kalmar sirrin yadda ta zo a kwali. 12345. Har yanzu yana yawo a Gombe ana ce masa injiniya.

Tun da na yi magana jiya kan haɗarin kutse ta intanet masu hikima suka yi min ca. "Malam, wa ya san da Gombe? Amurka ake hari." Wani gwanin barkwanci kuma wai mu da ko wutar ba mu da ita, me za a kashe mana? Madalla, an ba mu dariya, mun gode.

To bari ku ji. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kwantar da Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka na sa'o'i a Amurka. Da me? Da kyamarorin tsaro da na'urorin intanet na gidajen mutane. Ba ta tambayar sunan gari. Zagaye take yi a intanet dare da rana, duk na'urar da ta tarar sai ta gwada mata kalmomin sirri kusan 60 irin waɗanda kamfani ke sakawa, wadda ta buɗe ta zama baiwarta. Kyamarar da ke unguwar Jekadafari a nan Gombe da wadda ke Landan duk ɗaya ne a wurinta. Mai ita ma ba zai sani ba, sai dai ya ga data na ƙarewa da wuri ya hau zagin kamfanin waya.

Kuma kada wani ya ce min wannan na ƙananan kaya ne. A watan Mayun 2021 aka rufe bututun man Colonial, wanda ke shayar da gabashin Amurka, Turawa suka yi layin mai kamar mu, kamfanin ya biya 'yan dandatsa fansar dala miliyan 4.4. Ta ina suka shiga? Kalmar sirri ɗaya ta wani tsohon asusu da aka manta ba a rufe ba. Ɗaya tak. A Disambar 2015 kuwa, cikin tsananin sanyi, aka shiga kwamfutocin kamfanonin raba wuta a Yukren aka kashe wa mutum wajen 230,000 wuta. Ma'aikaci yana zaune yana kallon allonsa, wani daga nesa yana latsa masa makunnai.

Ku masu cewa ba mu da wutar da za a kashe, kun manta Afrilun 2024 ne? Da ɓata-gari suka kayar da turaku a layin Jos zuwa Gombe, wa ya yi dariya? Masu walda sun zauna, masu niƙa sun ninka farashi, ƙanƙara ta zama kayan gabas. A Oktoban wannan shekarar kuma kusan Arewa gaba ɗaya ta yi kwanaki a duhu, har asibitoci na kuka da kuɗin dizal. Wancan sai da mutane suka shiga daji da kayan aiki suka sha wahalar kwance ƙarfe. Wannan da nake faɗa muku, mai yinsa ko takalmi ba sai ya sa ba. Kullum kuma ƙara jona abubuwa ake yi da kwamfuta: mitar kati, banki, takardun marasa lafiya, albashi. Ga madatsar Dadin Kowa nan, ruwan sha da lantarki duk a wuri guda. Ina fatan masu kula da irin waɗannan wurare ba su da halin injiniyanmu, fata kawai nake yi.

Domin na san halinmu. Na shiga wani ofis a garin nan, kalmar sirri a rubuce da biro a ƴar takarda, an manna ta da salatif a goshin kwamfutar, duk mai shigowa gaisuwa sai ya karanta. Ɗan bautar ƙasar da ya yi aiki a wurin ya gama ya koma garinsu, ba a canza ba. Filas guda ɗaya ita ce ta shagon buga takardu, ita ce ta ofis, ita ce ta tura waƙoƙin biki. Alhali ta filas ake kyautata zaton wata muguwar manhaja mai suna Stuxnet ta shiga tashar nukiliyar Natanz ta Iran, wurin da ko intanet ba a jona ba, ta lalata injina.

Eh, na sani, akwai dokar laifukan intanet tun 2015, an ma yi mata kwaskwarima a 2024. Pantami, ɗan garin nan, da yana minista ya ce a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 an kai wa shafukan Najeriya hari kusan sau miliyan 13. Mun ji. Amma babu dokar da za ta zo shagonka ta canza maka 12345. Abin da na ga an yi da gaggawa shi ne harajin kashi 0.5 da aka so ɗora wa tura kuɗi da sunan tsaron intanet, sai da mutane suka yi ihu aka dakatar.

Don Allah, da gaske nake yanzu. In kana da kyamara a shago, balle a cikin gida inda iyalinka ke zirga-zirga ba mayafi, kira wanda ya haɗa ta yau ya nuna maka inda ake canzawa, ka canza da hannunka bayan ya tafi. Kada ka sa lambar wayarka, kada ka sa shekarar haihuwarka. In ya ce ba a canzawa, ƙarya yake yi ko bai iya aikin ba.

Af, Hajiya, ke ma da ke miƙa wa mai POS kati kina faɗa masa lambar da ƙarfi a tsakiyar kasuwa, Allah Ya shirye ki.