Motocin bas a Legas: kamfani na sauyawa, layi na nan inda yake

Duk lokacin da gwamnatin Legas ta damƙa wata hanyar bas a hannun sabon kamfani, motoci ake fara nuna mana: an jera su fes, gwamna ya yanke ƙyalle, 'yan jarida sun ɗauki hoto. Babu mai gayyatar kowa ya zo ya ga motocin nan bayan shekara huɗu, alhali a lokacin ne ake gane ko an yi aiki. A ganina, sauya kamfani bai taɓa raba fasinjan Legas da dogon layi ba, kuma ba zai raba shi ba muddin lissafin kuɗin da ke ƙarƙashin harkar yana nan yadda yake.

Mun ga wannan sauyi ba sau ɗaya ba. A watan Maris na 2008, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, aka buɗe layin farko na BRT, wato motocin bas masu keɓaɓɓen titi, daga Mile 12 zuwa CMS, tafiyar kilomita 22, a ƙarƙashin kulawar hukumar sufurin Legas, LAMATA, kuma ƙungiyar direbobi ta NURTW na cikin waɗanda aka ba tuƙin motocin. Wanda ya san wahalar molue, tsofaffin manyan motocin haya na Legas, ya san irin murnar da aka yi. Ba a daɗe ba motocin suka fara tsufa, kujeru suka yage, wasu suka kwanta a gareji. A watan Nuwamba na 2015 Gwamna Akinwunmi Ambode ya ƙaddamar da ƙarin hanyar har Ikorodu, kamfanin Primero ya karɓi aikin da sababbin motoci 434 masu na'urar sanyaya ɗaki. A 2019 kamfanin gwamnatin jiha, LBSL, ya fito da nasa motocin. A watan Agusta na 2020 kuma Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya buɗe layin Oshodi zuwa Abule Egba, wanda ya bi ta Dopemu da Iyana Ipaja, wato ta gefen mutanenmu na Agege. Kowane zagaye da yabo yake farawa, ya ƙare da ƙorafin ƙarancin mota.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Daga waje ake shigo da motar, da dala. Taya da kayan gyara ma da dala ake lissafinsu. Man dizal ba shi da tallafi, kuma kowa ya ga yadda farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a 2022, sannan a watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta faɗi warwas. Kuɗin mota kuwa da naira ake karɓa, kuma kamfani ba shi da ikon ƙara ko sisi sai gwamnati ta yarda. Shugabannin Primero da kansu sun sha fitowa suna kukan bashin dala da tsadar mai. To mai kamfanin da kuɗin da yake kashewa ya ninka, kuɗin shigarsa bai motsa ba, me ya rage masa? Ya rage motocin da ke fita. Ya cire kayan wannan ya gyara waccan. Ya jinkirta tashin mota har sai ta cika maƙil da masu zama da masu tsayuwa. Giɓin da ba a cike da naira ba, fasinja ne ke cike shi da lokacinsa.

Je ka tashar Mile 12 da ƙarfe shida na safiyar Litinin ka gani. Layi ya lanƙwashe tsakanin ƙarafunan tashar, kowa da katin biyan kuɗin mota na Cowry a hannu, ido na kallon hanyar Ikorodu. Titin da aka keɓe wa BRT fayau, ba mota. Idan ɗaya ta iso, a cike take zuwa, a ɗebi mutum kaɗan a rufe ƙofa. A can gefe kuwa kwandastan danfo, ƙaramar bas ɗin haya mai launin ruwan ɗorawa, na rataye a ƙofa yana kiran Ojota da Oshodi, yana gargaɗin kowa ya shigo da canjinsa. Sai ka ga mutum ya duba agogo, ya yi tsaki, ya fice daga layi ya tsallaka wajen danfon. Kuɗinsa na kwance cikin kati, ga shi ya sake zaro wasu daga aljihu.

Ba na cewa gwamnati ta naɗe hannu. Bayan cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, Sanwo-Olu ya zabtare rabin kuɗin motocin gwamnati daga watan Agusta, daga baya rangwamen ya koma kashi 25 cikin ɗari, a watan Fabrairu na 2025 kuma aka ƙara kashi 18. Sai dai irin wannan ragi da ƙari na sanarwar gwamna ba tsari ba ne da kamfani zai dogara da shi ya sayi mota. Abin da ya kamata shi ne a biya kamfani bisa kilomitar da motocinsa suka yi da kuma cika lokaci, kuɗin fasinja su shiga asusun hukuma, jiha ta cike giɓin a bainar jama'a. Haka Landan ke tafiyar da jajayen motocinta: kamfanoni masu zaman kansu ke tuƙi, hukumar birni ke yanke hanya da farashi, tana ba da lada ko ta ci tara gwargwadon aiki. Na san abin da za a ce, cewa a ƙasar nan tallafi ƙofar sata ce. Wannan tsoro na da hujja. Amma tun da aka shigo da katin Cowry a 2020, duk fasinjan da ya shiga mota sai na'ura ta rubuta. LAMATA na da hanyar sanin mota nawa ta fita kowace rana a kowane layi. Ta riƙa wallafa wannan adadi duk wata, tare da sharuɗɗan kwangilar, sai mu ga ta inda ɓarawo zai bi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, mu Hausawan Ikko, wanda ba kasafai ake tabo shi ba. An tsara motar BRT ne don ma'aikacin ofis mai rataye da 'yar jaka. Akasarin mutanenmu kuwa da kaya suke tafiya, kuma tun duhun asuba. Mai sarin tumatir da tattasai da albasa a kasuwar Mile 12, mahaucin da ke ɗauko nama daga mayankar Oko-Oba, mai shayin da ke sayo kiret ɗin ƙwai da burodi, babu ɗayansu da motar mai sanyi ta yi wa tanadi. Danfo ce ke ɗaukar su, a yi ciniki kan buhu, a ɗaure but da igiya. Shi ya sa duk lokacin da aka ce za a kawar da danfo daga wata hanya don a ba sabon kamfani fili, gabanmu ke faɗuwa. Ba don muna son danfo ba ne. Wa ke son motar da kuɗinta ke ninkawa da zarar hadari ya haɗu, 'yan tasha da ake kira agbero na dukan jikinta a kowace tasha? Amma kafin a raba mutum da tsohuwar rigarsa, a tabbata sabuwar ta shige shi.

Mun riga mun ɗanɗana. Ranar 1 ga Yuni 2022 aka haramta acaba a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, Surulere, Apapa da Eti-Osa, a watan Satumba aka ƙara huɗu, har da Kosofe inda Mile 12 take da kuma Mushin. Dubban matasan Arewa suka rasa sana'a, fasinja kuma ya rasa abin da ke kai shi daga bakin titi zuwa lungunsa. Ƙananan motoci 500 da aka ƙaddamar a watan Mayu na 2021 don wannan aiki sun yi kaɗan ƙwarai ga birni irin Legas. Yanzu ga jirgin ƙasa na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na 2024, yana da tasha a tsakiyar Agege, abin alheri ne babba, amma wanda ke zaune can cikin unguwa sai ya biya Keke Marwa, wato adaidaita sahu, kafin ya iso tashar, ya sake biyan wani idan ya sauka.

A nan nake ganin sakacin shugabanninmu. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da shugabannin kasuwar Mile 12 suna da kima a idon gwamnatin jiha, ana neman su idan zaɓe ya ƙarato ko rikici ya tashi. Bai kamata su jira sai an sa hannu a kwangila, an kama motar wani, sannan a tafi Alausa, hedikwatar gwamnatin jiha, roƙo ba. Lokacin magana shi ne lokacin da ake zana hanya. Su nemi a rubuta cikin kwangilar kowane sabon kamfani cewa zai fitar da motocin asuba daga manyan kasuwanni, waɗanda aka cire wa kujerun baya don kaya, da tsayayyen farashin buhu da kwando da za a cire ta kati. Su nemi a ɗauki direbobi da kwandastocin da sauyin zai kora daga hanya, a kuma ba tsofaffin 'yan acaba damar shiga ƙungiyoyin da ke tafiyar da ƙananan motocin unguwa. Kamfanin da ke kukan kuɗin shiga ba zai ƙi fasinjan da ke biyan kuɗin kansa da na kayansa kullum, har da Asabar da Lahadi ba, sai dai idan babu wanda ya kai masa lissafin.