Mass Effect 2 ya fi na ɗaya, amma sun yar da wani abu a hanya

Ran nan musu ya kaure tsakanina da wani ƙanina a kan gem, shi ya dage wai Mass Effect na farko shi ne RPG na gaske, wato gem ɗin da kake shiga rigar jarumi kana gina ƙwarewarsa kana yanke masa shawara, na biyun kuwa BioWare, kamfanin da ya yi su, sun maida shi wasan harbe-harbe ne kawai don su samu kasuwa. Na ce masa a'a, amma gaskiya ban iya ƙaryata shi duka ba.

Wanda ya buga na farkon, wanda ya fito a Nuwamba 2007 a kan Xbox 360, ya san wahalar da ya sha. Jakar kayanka ta cika da bindigu da sulke da tarkacen da ba ka san amfaninsu ba, ka zauna kana narkar da su ɗaya bayan ɗaya zuwa omni-gel, sinadarin gyara da buɗe makullai, ka shiga lifta a Citadel, babban birnin sararin samaniya, ka tsaya kamar mai jiran layin fetur saboda gem ɗin yana lodin a ɓoye, ga Mako, motar nan da ke tsalle a kan duwatsu kamar akuya ta ga kura. Harbin ma ba daɗi, bindiga ta yi zafi ta ƙi tashi kana tsakiyar faɗa.

Da na biyun ya zo a Janairu 2010 sai suka share duk wannan. Babu jakar tarkace, babu Mako, bindiga ta koma amfani da harsashin da kake tsinta a ƙasa, ginshiƙan ƙwarewa da kake zuba maki a ciki suka ragu sosai. Nan ne ƙanina yake kuka, wai an cire lissafi an cire RPG. To ni tambayata, RPG ɗin lissafi ne ko zaɓi?

Saboda abin da na biyun ya yi shi ne ya kwashe nauyin daga kan lambobi ya ɗora a kan mutane. Tun farkon wasa an tarwatsa jirgin Normandy, Shepard, jarumin da kake bugawa da shi, ya mutu, ƙungiyar Cerberus ta kwashe shekara biyu tana haɗa shi, sannan aka ce je ka tara mutanen da za su bi ka tafiyar da ba a sa ran dawowa. Kowannensu da nashi ciwon. Mordin da hannunsa a cikin cutar da ta hana jinsin Krogan haihuwa, Thane mai kisan haya da rashin lafiya ke ci yana neman ɗansa, Tali da mutanenta suka gurfanar da ita bisa zargin cin amana, Garrus da ke neman fansa. In ka taimake su sun amince da kai, in ka yi ko oho da su za ka gani a ƙarshe. Kuma ƙarshen nan wallahi ba wasa, kai za ka zaɓi wanda zai shiga bututu, wanda zai ja rukuni na biyu, in ka zaɓi wanda bai dace ba gawa za ka gani, in ba ka gyara sulken jirgi da garkuwarsa ba tun kafin ku sauka an fara mutuwa, har shi Shepard ɗin zai iya tafiya. Ni Mordin na rasa a bugun farko don na bar shi tsaron ƙofa maimakon in tura shi ya raka ma'aikatan jirgi, na kashe na'ura na kwanta raina a ɓace. Babu wani sulke mai lamba goma da ya taɓa sa ni jin haka.

Inda ƙanina yake da gaskiya shi ne babban labari. Na farko yana da Saren, mugun da kake bi kana jin haushinsa, yana da hirar nan da Sovereign, ɗaya daga cikin Reapers, manyan injunan da ke son shafe masu rai, a duniyar Virmire, hirar da ke sa tsigar jiki tashi, a nan ne kuma ake tilasta maka ka bar ɗaya daga cikin abokan tafiyarka, Ashley ko Kaidan, ya mutu. Na biyun fa? Collectors, abokan gabarka a ciki, ba su da fuska ba su da hali, kuma dodon ƙarshe mai siffar ƙwarangwal ɗin mutum abin dariya ne kawai. Ka gama gem ɗin maganar Reapers tana nan kusan inda ka bar ta. Sannan abin da suka kawo a madadin Mako, wato zagaya duniyoyi da na'ura kana neman ma'adinai, ya fi Mako ɗin sa barci. Duk haukan motar nan, in ka sauka a wata duniya babu kowa sai iska da sararin sama kana jin girman wurin, na biyun kuwa lunguna ne da akwatunan fakewa, da ka gan su jere ka san faɗa ya zo.

Su kansu BioWare da suka fitar da Legendary Edition, sabon bugun da ya haɗa wasannin a wuri ɗaya, a Mayu 2021, na farkon suka fi yi wa aiki, suka gyara harbi da tuƙin Mako da jiran lifta, na biyun kuwa kusan fenti kawai aka sake masa. Ƙanina ya ce wannan ba hujja ba ce. Na miƙa masa kwanturola na ce ya fara na biyun da sebin ɗinsa na farko, wato ajiyar zaɓuɓɓukan da ya yi a can, ya je Tuchanka, duniyar Krogan, ya ga wa ke kan kujerar mulki, tunda shi ya bari aka harbe Wrex, abokin tafiyarsa ɗan Krogan da ya kamata ya hau ta, a Virmire.