Ba takarda muka rasa ba

Na ga labarin cewa za a yi wa tsarin kula da yara garambawul. Madalla, amma mu a Damagaram ba takarda muka rasa ba. Tun 1990 Nijar ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara, ga kuma alƙalin yara. To wa ke bin sawu? Shekaranjiya a kasuwar Dole na ga yaro, bai wuce shekara bakwai ba, yana barci kan kwali, robar bararsa ce matashin kai. Daga garin Kance, a nan jihar Damagaram, kuma ana ta kwasar ƙanana zuwa bara Aljeriya. Ma'aikacin kula da yara da na sani, wallahi ko kuɗin man babur ba shi da su. A ba shi mai tukuna, a kuma zauna da malaman allo da masu unguwanni.