Ba Disney ne ya fara ba

Wani marubuci ya ce Walt Disney ne ya fara yin dogon fim ɗin katun a 1937, to wannan magana akwai gyara a cikinta. Tun 1926 wata Bajamushiya, Lotte Reiniger, ta fitar da fim ɗinta na Yarima Ahmad, mai tsawon fiye da awa ɗaya, babu muryar kowa a ciki sai kiɗa. Da almakashi ta yanko mutanen daga baƙin kwali, ta ɗaure gaɓoɓinsu da siririyar waya, a shimfiɗa su kan gilashi, fitila a ƙasa, kyamara a sama. A ɗan motsa hannu a ɗauka, a sake motsawa a ɗauka, haka har shekara uku. Dabarar kuwa daga wasan inuwa ta samo ta, irin wanda aka daɗe ana yi a Sin da Indunusiya. Duk wanda kuma ya ce fim ɗin Yarima Ahmad tatsuniyar Turawa ce, to ya sani daga Dare Dubu da Ɗaya aka ciro labarin, har Aladdin da fitilarsa suna ciki. Me ya sa kullum in za a ba da tarihin katun sai a tsallake sunan matar nan?