Shirin kai-tsaye ba ya ƙarewa don an kashe salula

Assalamu alaikum ƴan uwa. Akwai maganar da muke yi ƙasa-ƙasa a fada, majalisarmu ta hira, amma muke ƙin rubuta ta a fili, wato ta mata da ma wasu maza da suka mayar da kyamarar salula hanyar samun kuɗi ta nuna tsiraici ga masu kallo kai-tsaye. A Turai da Amurka akwai shafukan da aka gina musamman domin haka, a nan Damagaram kuwa abin yana bin ɓoyayyiyar hanya: a fara da hira a TikTok ana karɓar kyaututtuka, daga nan a koma kiran bidiyo na WhatsApp ko Telegram da wanda ya biya. Ban yarda da wannan sana'a ba, addininmu ya hana ta, kuma ina roƙon Allah ya buɗa wa duk mai yin ta wata ƙofa ta halak. Sai dai tsinuwar da muke yi ba ta taɓa goge bidiyo ko ɗaya daga wayoyin mutane ba, shi ya sa nake ganin wajibi ne a nuna wa baligan da suka riga suka shiga inda haɗarin yake, ko da faɗin hakan zai ɓata wa wasu rai.

Kuskuren da ya haifi sauran duka shi ne zaton cewa abin da aka yi kai-tsaye yana gushewa da zarar an rufe shirin. Kusan kowace salula ta zamani tana iya naɗar abin da ke gudana a fuskarta, kuma wanda ake kallo ba shi da hanyar sanin ana naɗar sa. Ko hoton da WhatsApp ke ba da damar a buɗe sau ɗaya kawai, wanda manhajar ke hana a ɗauki hotonsa daga cikin wayar, babu abin da zai hana mutum ya ɗauko salula ta biyu ya ɗauke shi. A manyan shafukan ƙasashen waje ma akwai masu naɗar shirye-shiryen mutane suna zubawa a wasu shafukan ba da izini ba, kuma masu sana'ar a can sun daɗe suna kuka da haka duk da suna da lauyoyi. Bidiyon da aka ɗauka yau yana iya kwanciya shekaru a wayar wani, sai ranar da aka kawo kayan lefe ko aka samu aiki ya fito.

Na biyu, wanda a ganina ya fi shafar mu, shi ne ɗaukar mai kallo a matsayin baƙo na nesa. Damagaram babban gari ne, amma zumunci ya ɗaure shi tamau, ta yadda da wuya ka ambaci gida a Birni ko Zango ko Garin Malam a rasa wanda ya san wani a cikinsa. Mai yin shirin takan rufe fuska ta ɗauka ta tsira, alhali fuska ɗaya ce daga cikin shaidu masu yawa. Zanen lallen da ke hannunta an gan shi a biki makon jiya, atamfar da ke rataye a bayanta ankon dangi ce, tabon da ke wuyanta ƙawayen makaranta sun san shi, labule da zanen gado kuwa duk wanda ya taɓa shiga ɗakin zai shaida su. Sannan ga murya. Karin harshen Damagaram ba ya ɓuya ga Bakano balle ga maƙwabci, kuma kiran sallar masallacin unguwa da ke shigowa ta taga ya isa ya nuna layin da gidan yake. Idan kuma fuskar ta bayyana ko na ƙiftawar ido ne, akwai shafuka irin su PimEyes da ake ɗora hoton fuska su nemo sauran wuraren da ta fito a intanet.

Lambar waya da hanyar karɓar kuɗi su ma suna tona asiri ba tare da an lura ba. Wadda ta buɗe shafi da lambar da iyayenta da ƴan uwanta ke da ita, manhajar da kanta tana iya nuna musu shafin a matsayin na wanda suka sani. Wadda kuma ta ba da cikakken sunanta domin a turo mata jika goma ta kamfanin tura kuɗi, ta miƙa wa mutumin da ba ta sani ba sunanta na gaskiya da garin da take, kuma da waɗannan biyun zai iya gano danginta a Facebook cikin yini guda.

Kuɗin ma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Binciken da BBC ta yi a Kenya a 2025 kan irin waɗannan shirye-shirye ya nuna cewa TikTok na riƙe kusan kashi 70 cikin ɗari na kuɗin kyaututtukan, kuma dokokin kamfanin sun haramta tsiraici, don haka ana iya rufe shafi a kowane lokaci. OnlyFans, ɗaya daga cikin shafukan ƙasashen waje da masu wannan sana'a ke amfani da su, wanda aka kafa a Ingila a 2016 kuma yake cire kashi 20 cikin ɗari na kuɗin da aka biya su, ya sanar a watan Agustan 2021 cewa zai hana batsa, ya janye bayan ƴan kwanaki, abin da ya nuna wa masu dogaro da shi cewa abincinsu yana hannun wasu. A nan gida kuwa, hoton rasidin bogi ya ishi macuci ya kalla kyauta ya kuma tafi da bidiyo.

Shiga shiri bayan an sha ƙwaya ko wani abin maye yana sa mutum ya ƙetare iyakar da ya sa wa kansa, domin masu kallo ba sa daina neman ƙari. Barin wani ya gifta a bayan kyamara ba da saninsa ba zalunci ne, idan kuwa yaro ne ko wadda ba ta kai shekara 18 ba, to an fita daga maganar kuskure an shiga babban laifi da babu uzuri a cikinsa.

Inda na fi son a tsaya a saurara shi ne ranar da barazana ta zo, lokacin da wani zai turo bidiyon ya ce a biya ko ya watsa. Mafi yawan mutane tsoro ne ke sa su biya, kuma biyan shi ne ke tabbatar wa mai barazanar cewa ya samu saniyar tatsa, sai ya dawo da buƙatar da ta fi ta farko, wani lokaci ma ba kuɗi zai nema ba. Wannan ta'asa ta zama sana'a mai zaman kanta: a watan Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya ce ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda ita, kuma maza ne akasarin waɗanda ake farauta, don haka kada samarinmu su ɗauka matsalar ta mata ce kawai. Abin yi shi ne kada a biya, kada a ƙara tura komai, kada kuma a goge saƙonnin, a adana lambar da sunan shafin da duk abin da ya rubuta. Akwai shafin StopNCII.org da aka buɗe a 2021 domin baligai, wanda ke ɗaukar wata alama ta lissafi daga hoton ba tare da hoton ya bar wayar ba, sannan kamfanoni irin su Facebook da Instagram da TikTok su yi amfani da alamar wajen toshe shi idan an yi ƙoƙarin ɗorawa. Ba ya iya shiga saƙonnin WhatsApp, amma yana rage ɓarna sosai.

Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet, mai lamba 2019-33 ta watan Yulin 2019, wadda aka ƙara tsaurarawa a 2024, kuma tana hukunta yaɗa abin da ke taɓa mutuncin ɗan Adam. Wannan ya shafi mai barazana, ya kuma shafi kowane ɗan fada da ya karɓi bidiyon ya tura wa abokinsa yana salati. Da yake mai yin shirin ita ma tana iya samun kanta gaban hukuma, ya fi kyau ta fara neman shawarar lauya kafin ta shigar da ƙara. Ku kuma yayye da iyaye, idan ƙanwarku ko ƴarku ta zo muku da wannan magana tana kuka, ku jinkirta faɗa da duka, ku karɓi wayar ku adana shaidun, ku raka ta wurin lauya sannan komsariya, domin mai barazanar ya gina lissafinsa ne kan cewa tsoronku zai hana ta buɗe baki.