Mu da Najeriya, ba faɗa kuma ba jingina

Jiya da daddare a wajen mai shayi a Aboabo, nan Kumasi, musu ya kaure, ƙanena sai kumfar baki yake wai lokaci ya yi da Gana za ta nuna wa Najeriya ba tsoronta take ji ba, a garƙame shagunan 'yan Najeriya na Suame da Adum kowa ya kama gabansa. Na ce kai yaro ne wallahi, tashi ka je ka tambayi Kaka 1969.

A shekarar ne gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su bar ƙasa, kuma zango aka fara dubawa. Har yau in Kaka ta tuna maƙwabciyarta da ta sayar da keken ɗinkinta a wulaƙance ta hau bayan babbar mota da goyo, sai ta yi shiru, matar nan fa a Kumasi aka haife ta, ko hanyar Kano ba ta sani ba. Da 1983 ta zo Shagari ya rama, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka kwaso kaya, jakar nan ma ta Ghana Must Go har yau sunanmu take amsawa. Manya su sa hannu a ofis, mu 'yan zango mu kwana a tasha.

Kuma mu faɗi gaskiya, ƙidayar 2021 ba mu cika miliyan 31 ba, su sun haura miliyan 200, ga matatar Dangote mai ganga 650,000 a rana, tamu ta Tema 45,000 ce. Da me za ka ja da wannan?

To amma ni ban ce a kwanta musu ba. Wa ya manta 2012, da ƙugiyar jirgin ruwa ta fasa bututun gas a gaɓar Togo, gas ɗin Najeriya ya yanke kusan shekara, muka sha dumso, wato ɗauke wuta, har teloli suka koma keken ƙafa? Ko 2019 da Buhari ya rufe boda motocin kayanmu suka yi ta jibgewa a Seme, bodar Benin da Najeriya, ba wanda ya nemi shawararmu duk da ECOWAS ɗin da ake ta faɗa. Shi babba ko juyi ya yi a barci sai ya danne ka, ba sai yana jin haushinka ba.

Shi ya sa ni gina Atuabo, masana'antar sarrafa gas ɗinmu, ya fi burge ni da duk wani cika baki a rediyo. A sayi mai da gas a wajensu in ya fi araha, a gaisa, a yi zumunci, amma namu ya kasance yana aiki, tashar jiragen ruwa ta Tema da Takoradi su ci gaba da jan kayan Burkina da Mali. Dokar 2013 da ta ce sai baƙon ɗan kasuwa ya zuba jarin dala miliyan ɗaya kuwa gwamnatoci biyu su zauna a kanta, ba samari da kwaɗo a hannu ba.

Ƙanen nawa dai bai yarda ba, yana ta latsa waya yana neman hujja. Wayar ma a Adum ya saye ta wajen wani ɗan Ibo, bashi, saura sidi 300 bai biya ba.